Zazzaɓin da Na Hau Keke da Shi

Wata bakwai ke nan da aka sallamo ni daga asibiti, amma har yau duk inda na haɗu da mutanenmu, a masallacin Juma'a ne ko a wurin cin tuwo a Al Rigga, tambayar ɗaya ce: yaya aka yi wanda ya fi kowa motsa jiki a cikinmu shi ne ya kwanta da ciwon zuciya? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a tsaye. Shi ya sa na zauna in rubuta abin yadda ya faru, har da nawa laifin, ko Allah zai sa wani ya tsaya a inda ni na ƙi tsayawa.

Sunana Tasi'u, mutumin Funtua, shekarata arba'in da ɗaya. Injiniya ne ni a wani kamfani mai kula da na'urorin sanyaya manyan gine-gine a nan Dubai. Muna zaune a Al Warsan da matata Rahina, wadda ke koyarwa a wata makaranta, da 'yarmu Hanan. Yayana Sabi'u ya riga ni zuwa garin da shekaru, yana harkar kago, wato jigilar kaya zuwa ƙasashe, a Deira.

Wanda ya jawo ni cikin wannan wasa Elhaji Mamman ne, mutumin Maraɗi, mai sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Na je shagonsa neman famfon ruwa na motata, sai na ga keken tsere rataye a bango, a saman tarin giyabos. Na tambaye shi na waye, ya ce nasa ne, ya kuma kalli tumbina ya ce in zo ranar Asabar. Daga nan na san tirayatlon, gasar da ake haɗa abu uku a jere ba hutu: a yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu.

Elhaji ya haura hamsin, kuma bai taɓa ɗaura agogon atisaye ba. Idan ya idar da sallar asuba sai ya tsaya ya yi miƙa, ya ji abin da jikinsa ya ce. Ranar da ya ji ƙarfi sai mu yi nisa a hanyar keke ta Al Qudra har rana ta fara cizo. Ranar da ya ji nauyi sai mu yi awa ɗaya mu tsaya shan shayi. Shekara uku na bi shi a haka. Na koyi iyo, tumbin ya ragu, na shiga gasa huɗu na gama duka, amma kullum a ƙarshe-ƙarshe. A ta huɗun ƙafafuna suka ɗaure a wurin gudu, na ƙarasa da tafiya, tsofaffi suna wuce ni suna ba ni haƙuri. Da na yi ƙorafi, Elhaji ya tambaye ni na gama ko ban gama ba. Shi a wurinsa maganar ta ƙare a nan. Ni kuwa ta tsaya mini a rai.

Sai na ɗauki koci ta intanet, wani Bature da ban taɓa gani ido da ido ba. Ya tsara mini jadawalin mako ashirin na babbar gasar da nake so in shiga a lokacin sanyi. Komai a rubuce: yau iyo mita kaza, gobe keke awa kaza, bugun zuciya kada ya wuce kaza. Na sayi agogon da ke auna bugun zuciya yana aika masa. A manhajar waya kowace rana tana da ɗan akwatinta. Idan ka yi abin da aka ce, akwatin ya zama kore. Idan ka tsallake, ya zama ja.

Gaskiya ita ce jadawalin ya yi aiki, kuma ba zan ɓoye wannan don ciwon da ya biyo baya ba. Shi ya koya mini tafiya a hankali a ranakun da ya kamata, abin da ban iya ba a da, don da ni da Elhaji duk ranar da muka ji daɗi sai mun ƙure kanmu. Cikin wata biyu na fara barin Elhaji a baya idan iska ta taso mana ta gaba. Muka yi ta musu a kan haka. Shi yana cewa mutumin da bai taɓa ɗanɗana zafin Agusta na garin nan ba, ta yaya zai san yadda ƙafata ta kwana? Ni kuma ina ce masa shekara goma yana wasan nan amma yana nan inda yake. Musu ne na abokai, muna yi muna dariya, sai dai kowa da gaske yake.

Ana gab da shiga mako na sha huɗu Hanan ta kwaso mura daga makaranta. Ta yi kwana biyu ta warke, uwarta ta yi uku, sai abin ya iso kaina ranar Laraba. Maƙogwaro kamar an goga masa yashi, gaɓoɓi suna ciwo, jiki zafi. Rahina ta sa mini ma'aunin zafi ya nuna talatin da takwas da rabi. Na sha farasitamol na tafi aiki, da yamma na yi gudun minti arba'in da jadawali ya ce.

Makon nan shi ne mafi nauyi a tsarin gaba ɗaya, kuma ranar Asabar ɗinsa keken awa huɗu ne, a sauka a yi gudun rabin awa. Mako sha uku na yi ba jan akwati ko ɗaya. Ina buɗe manhajar a ofis in yi ta kallon koren nan a jere kamar gonar da na noma. Da asubar Asabar agogona ya nuna bugun zuciyata na hutu sittin da uku, alhali na saba ganin arba'in da takwas. Na gani da idona, na ce shayin jiya ne. Ina ɗaura takalmi Rahina ta taɓa wuyana.

“Abban Hanan, jikinka fa har yanzu da zafi.”

Na ce mata zufa ce za ta fitar da shi.

A wurin ajiye motoci na Al Qudra Elhaji ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Sa ba, Injiniya, lafiya kuwa? Idonka bai yi mini ba. Koma gida ka kwanta.” Na nuna masa waya, na ce yau ce ranar da duk tsarin ya dogara a kanta. Ranar bai yi niyyar yin nisa ba, amma ya bi bayana awa huɗun nan cur, bai wuce ni ba, bai bar ni ba. Na gama, akwati ya zama kore, na koma gida ina rawar ɗari a cikin mota.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka, na ɗauka shi ke nan. Sai dai wata irin gajiya ta zauna mini wadda ban san irinta ba. Matakalar bene biyu a wurin aiki sai na tsaya a tsakiya. Akwai wani nauyi a tsakiyar ƙirjina kamar an ɗora bulo, yana ƙaruwa idan na kwanta rigingine, yana sauƙi idan na zauna na sunkuya. Rahina ta matsa, na je wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Layin ya cika da ma'aikatan rumbunan ajiya, kowa da takardarsa a hannu, na yi awa ɗaya da rabi kafin a kira ni, na yi minti biyar a gaban likita. Ya danna ƙirjina, ya ce ko olsa ce ko tsoka na ja wurin iyo, ya rubuta mini maganin ƙwannafi. Na daɗe ina jin haushinsa da bai sa an yi mini gwajin zuciya ba, kuma har yanzu ina ganin ya kamata ya yi. Amma ni ma ban gaya masa na yi zazzaɓi ba, ban kuma gaya masa awa huɗun ba. Na ba shi labarin da zai sa ya faɗa mini abin da nake so in ji.

Kwana tara bayan keken nan, da safe, muka je iyo a tekun Mamzar ni da Elhaji. Mun yi nisa da gaɓa, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sai na ji zuciyata ta rikice, tana fiffika kamar an saki tantabara a cikin ƙirjina. Hannuwana suka mutu. Na juya rigingine a kan ruwa ina neman iska, sama tana yin duhu ta gefe-gefe. Abin da na tuna shi ne muryar Elhaji a kunnena yana cewa in riƙe kafaɗarsa kada in yi komai, shi zai yi. Mutumin da nake wa gorin ya tsaya wuri ɗaya, shi ya jawo ni har yashi.

Bai jira motar asibiti ba. Ya tura ni cikin a-kori-kurarsa da kayan iyo a jikina, ruwa yana ɗiga a kujera. A sashen gaggawa na babban asibiti mutane cike, na teburin karɓa yana tambayar katin shaida da na inshora, su kuma suna cikin motata a bakin teku. Elhaji ya fara haɗa Larabci da Faransanci yana nuna ƙirjina. Wata nas ’yar Filifin ta jiyo, ta zo ta kama hannuna ta ji bugun, nan take ta turo keken marasa lafiya. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba, amma tana cikin addu'ata.

Suka liƙa mini wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini. Sakamakon ya sa suka ɗauka jijiyar zuciya ce ta toshe. Kafin azahar Rahina ta iso daga makaranta da alli a hannun rigarta, Yaya Sabi'u ya rufe ofis ya zo. Aka zura mini siririn bututu ta wuyan hannu har zuciya, aka duba, jijiyoyin fes. Aka ce to sai an sa ni a babbar na'urar hoto mai kama da rami kafin a tabbatar da abin da ake zargi, ita kuma sai kamfanin inshora ya amince. Kwana biyu muna jiran wannan amincewa, ina kwance da wayoyi, na'ura tana ƙara duk lokacin da zuciyata ta yi tuntuɓe. Yaya ya je teburinsu sau uku, a na ukun na jiyo muryarsa daga ɗakina. Kulawar da aka yi mini a asibitin nan ba ni da abin cewa sai godiya, amma wannan jiran na takarda, mutum yana kallon silin bai san abin da ke cinsa ba, ban yafe shi da sauƙi ba.

Likitar zuciyar wata dattijuwa ce 'yar Sudan. Ta ce ta tashi a unguwar da ke maƙwabtaka da Hausawa, don haka kullum da “sannu” take shigowa. Bayan hoton ta zauna a gefen gado ta faɗi sunan ciwon, mayokadaitis, ta ce kumburin naman zuciya ne, kuma yawanci ƙwayar cutar mura ce ke kai wa can. Ta tambaya ko na yi zazzaɓi kwanan nan, ko na motsa jiki a cikinsa. Na fara kame-kame. Rahina ce ta ba da amsa, da rana da awa, ba ta ko kalle ni ba.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa keken ne ya jawo ba, don akwai waɗanda ke kwance a gado ciwon ya same su. Abin da ta tabbatar shi ne na ɗora wa zuciya kaya a lokacin da take fama da kanta. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini:

“Ƙafa idan ta yi ciwo kana ɗora ta a kan matashi ta huta. Zuciya ba ta da matashi. Hutun da za ka iya ba ta kawai shi ne kada ka ƙara mata aiki.”

Ta rubuta a takarda da hannunta: ba gudu, ba keke, ba iyo, ba ɗaukar kaya mai nauyi, aƙalla wata uku, mai yiwuwa shida. Ta ba ni ƙwayar da ke rage saurin zuciya, ta hana ni irin magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da tambaya ba. Kwanana biyar aka sallame ni.

Makonni ukun farko a gida Rahina ce ta ɗauke su a kanta. Ta nemi hutu a makaranta, ta rage gishiri da dunƙule a miya har Hanan ta fara ƙorafi, ta tara mini matasai don ba na iya kwanciya sosai. Sallah a zaune nake yi. Kekena da ke jingine a falo, ta kira Yaya ya zo ya ɗauke shi ya kai rumbun kagonsa, ba ta nemi shawarata ba.

Mun so mu ɓoye wa Inna, amma Yaya ya gaya mata tun ina asibiti. Kullum bayan la'asar sai ta kira daga Funtua. Ta aiko da rubutu da zuma da habbatus sauda ta hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya. Tambayarta ɗaya ce, kuma har yau ban sami amsar da ta gamsar da ita ba: wa ke bina da nake gudu? Masu zuwa dubiya kowa da tasa. Wani ya ce baki ne, don ina sa hotunan lambobin yabon da na samu a waya kowa yana gani. Wani ya ce in yi ƙaho. Wani ya ce likitocin nan ba su san komai ba, in wuce Indiya. Yaya kuwa cewa ya yi khalas, ya isa haka, in bar wasan Turawan nan, mutum mai iyali ba ya shiga teku da asuba kamar masunci. Rahina tana rubuta duk shawarar da aka bayar a wayarta, ranar komawa asibiti ta karanta wa likita ɗaya bayan ɗaya. Zuma ta wuce, addu'a ta wuce, ƙaho aka ce a dakata.

Akwai kuma tsoron da ba na faɗa wa masu dubiya. A garin nan bizarka tana rataye da aikinka, ta matarka da ta 'yarka suna rataye da taka. Manajana mutumin kirki ne, ya zo har gida da kwandon 'ya'yan itace, amma kowace gaisuwarsa a waya tana ƙarewa da tambayar yaushe zan dawo. A mako na huɗu na koma, aka ba ni tebur, aka ɗauke mini hawa rufin gine-gine.

A wannan makon ne na rubuta wa kocina. Na shirya maganganu masu zafi, don a raina jadawalinsa ne ya kusa kashe ni. Amsarsa gajera ce. Ya yi mini jaje, sannan ya tambaya me ya hana in gaya masa na yi zazzaɓi, ya ce in duba shafi na biyu na takardar da ya aiko tun ranar farko. Na buɗe. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: idan kana da zazzaɓi ka dakatar da komai, idan bugun zuciyarka na safe ya haura yadda ka saba da goma ka sanar da ni kafin ka fita. Ban taɓa karanta shafin ba, na tsallake kai tsaye zuwa lambobi. Ina da nawa ƙorafin a kansa, don agogona yana aika masa komai, da ya duba da ya gani, amma mutane ne da yawa a hannunsa. Duk da haka ranar na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Jikina ya faɗa, matata ta faɗa, Elhaji ya faɗa, agogo ya faɗa, ashe jadawalin ma ya faɗa. Abin da na saurara shi ne son kada akwati ɗaya ya zama ja.

Da na tsaya a nan da darasin ya yi sauƙi: mutum ya saurari jikinsa. Haka na riƙa gaya wa masu dubiya, Elhaji yana gyaɗa kai yana jin daɗi. Sai mako na shida ya zo.

Nauyin ƙirji ya tafi gaba ɗaya. Ina hawa bene ba haki, ina cin abinci kamar da, ina tashi da asuba ƙafafuna suna ƙaiƙayin motsi. Elhaji ya zo gida ya dube ni, ya ce fuskata ta dawo. Ya ce lokotoro, wato likitoci, aikinsu ba mutane tsoro, su wata shida suke rubuta wa kowa, amma jiki ya san lokacinsa. Rabin awa kawai, shwaiya shwaiya, sannu-sannu, a kan kekensa na biyu. Ba zan ce ya yaudare ni ba. Ya faɗi abin da na yi kwanaki ina jira wani ya faɗa ne. Ranar Asabar na ce wa Rahina zan je Ras Al Khor duba birkin mota.

Minti ashirin na farko ban taɓa jin daɗin keke irin haka ba. Iska mai sanyi, rairayi ja a gefe, ƙafa tana juyawa da kanta. Ban ji wani gargaɗi ba, ko kaɗan. Kawai sai zuciyar ta tsallake bugu, ta sake tsallakewa, sannan ta kama sauri ba tsari. Na sauka na zauna a kan yashi, kaina tsakanin gwiwoyina. Bai kai na teku ba, ya lafa cikin 'yan mintoci. Da na ɗago na ga Elhaji a tsugune a gabana, leɓɓansa suna motsi da salati, fuskarsa ta yi fari fat.

Aka ɗaura mini wata 'yar na'ura mai naɗar bugun zuciya kwana ɗaya, ta nuna bugun yana kuskurewa fiye da yadda ake so. Likitar ta karanta takardar, ta cire tabarau, ta tambaye ni yaya na ji kafin in hau keken. Na ce garau.

“To ka gani. A wannan ciwon jikinka zai ce ka warke tun zuciyar ba ta warke ba. Masu faɗuwa a fili ba sa tashi, yawancinsu garau suka ji da safen.”

Ta ƙara maganin, ta ce yanzu ba maganar wata uku, shida ne cif. Ta sake rubuta wata takardar: tafiya kawai, minti ashirin a rana, bugu kada ya kai ɗari, a ƙara minti biyar duk bayan mako biyu idan ba matsala.

Rahina ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Tana kawo ƙwaya da ruwa a kan lokaci, ta ajiye, ta juya. Ƙaryar birkin ta fi keken yi mata ciwo. A rana ta uku Elhaji ya zo, ya ƙi shiga falo, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu ya ba ta haƙuri. Ya ce shi ya kai mata miji, kuma da abin ya zo da ƙarar kwana bai san da wane ido zai dube ta ba. Sannan ya roƙi ta nuna masa takardar likita, ya ɗauki hotonta a wayarsa.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya bar shago ya zo Al Warsan mu yi tafiyar nan tare, mu zagaya bayan gidajenmu ta gefen rumbunan ajiya. Mutumin da shekara goma yana yi wa masu agogo dariya, shi ne yake kama wuyan hannuna duk bayan 'yan taku yana duba lamba. Idan ta kai casa'in da biyar sai ya ce mu tsaya. Idan minti ashirin ya cika, ko muna tsakiyar hira, ko na rantse masa ina jin ƙarfi, sai ya ce takarda ba ta ce haka ba. Wata rana na tsokane shi na ce ina maganar jiki ya san lokacinsa? Bai yi dariya ba. Ya ce nasa jikin ya sani, don shekara hamsin suna tare, amma bai kamata ya yi wa nawa alƙalanci ba.

Gasar da na yi wa shiri ta zo ta wuce. Na je na riƙe masa jaka. Ya gama a ƙarshe-ƙarshe kamar kullum, yana ɗaga wa mutane hannu.

Da wata shida ya cika aka sake komai: jini, na'urar kwana ɗaya, gudu a kan injin asibiti da wayoyi a ƙirji, da ramin hoton nan. Kumburin ya tafi, zuciyar tana aikinta yadda ya kamata, alhamdu lillahi. Amma akwai ɗan tabo da ya rage a bangonta. Likitar ta ce in fara komawa sannu a hankali, bisa tsarin da ita za ta sa wa hannu. Doguwar gasa ba bana ba, kuma ba ta yi mini alƙawarin baɗi ba.

Yanzu ina da jadawali, gajere, kuma ina binsa, don na ga yadda jin daɗin jiki ke yi wa mutum ƙarya. Amma kafin in buɗe shi kowace safiya sai na zauna a bakin gado na tambayi kaina yadda na kwana, kuma idan amsar ba ta yi ba, ranar ta tafi. Ban san wanne ya fi ba tsakanin hanyar Elhaji da ta koci, na daina wannan musun. Abin da zan roƙi duk mai gudu ko keke ko ƙwallon yamma shi ne: idan kana da zazzaɓi ka zauna, har ya sauka ya yi kwanaki. Idan ka ji nauyi a ƙirji ko bugu ya rikice bayan mura, ka je asibiti ranar, ka faɗa wa likita duk abin da ka yi, har wanda kake jin kunyarsa. Idan kuma aka ba ka wa'adi, ka cika shi ko da kana jin za ka iya ɗaga mota.

Allah Ya saka wa Yaya Sabi'u da Inna da Elhaji Mamman da likitata da alheri, da duk wanda ya tako ko ya kira, har da masu shawarar Indiya.

Ranar da aka ba mu sakamakon ƙarshe, ni da Rahina muka fito muka shiga mota. Ina ta zuba, ina lissafin yaushe zan karɓo kekena daga rumbun Yaya, wane mako zan fara iyo. Ta bar ni na gama. Ba ta tayar da motar ba, hannunta yana kan sitiyari.

“Abban Hanan, akwai abin da ban gaya maka ba. A kwana biyun da muke jiran inshora, na ja Yaya gefe na tambaye shi yadda ake yi da gawar baƙo a garin nan. Ko a nan ake binnewa, ko gida ake kaiwa, da takardun da ake nema. Ya yi mini bayani duka. Har yanzu ina da su a rubuce.”

Ta goge idonta da gefen mayafi, ta duba madubi, ta tayar da mota.

“Ka karɓo kekenka,” ta ce. “Ni dai ina so ka san na tambaya.”